ZARE: Argungu, garin masuntan da ya gagari Sakkwato sama da shekara hamsin

1/
Yau zaren tarihi ne, kuma tafiyar da ɗan nisa, ku gyara zama. Argungu za mu je. Da yawanmu abin da muka sani game da garin bai wuce hoton mutum ya rungumo ƙaton kifi ba. To wannan kifin akwai tarihin shekara 500 a bayansa, kuma ruwan da yake rayuwa a ciki yau yana cikin matsala. 🧵

2/
Argungu tana jihar Kebbi, a bakin gulbin da mutanen can ke kira Gulbin Kabi. Ruwan Rima da na kogin Sakkwato ne suka haɗu, suka gangaro ta Argungu, suka wuce Birnin Kebbi, suka je suka faɗa Kwara. Daga Sakkwato kusan kilomita 100 ne. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Argungu, Augie, Arewa da Dandi.

3/
Mu 'yan Jigawa akwai abin da ya haɗa mu da su. Rana ɗaya aka haifi jihohinmu, 27 ga Agustan 1991, zamanin Babangida. Mu aka yanko mu daga Kano, su aka yanko su daga Sakkwato. Don haka ɗan Birnin Kudu ko Gwaram da ɗan Argungu kusan tagwaye ne, sai dai ba mu cika ziyartar juna ba.

4/
Mutanen garin su ne Kabawa. Hausawa ne, Hausarsu irin ta yamma, inda za ka ji “mi kake so” da “shina nan”. Tsofaffinsu za ka gane su da zanen fuska. A labarin Bayajida an jefa Kabi cikin Banza Bakwai, amma in kun karanta abin da ke tafe za ku ga wannan sunan bai yi musu adalci ba ko kaɗan.

5/
Tushen labarin mutum ɗaya ne: Muhammadu Kanta. Labarin baka na cewa daga Kuyambana ta ƙasar Katsina ya fito, ya tashi cikin makiyaya yana kiwon shanu, ga ƙarfi kamar me, ba a kai shi ƙasa a kokawa ko dambe. A haka samari suka riƙa taruwa a bayansa har ya zama shugaban mayaƙa.

6/
Lokacin daular Songhai ce ke jan zarenta a yammacin Afirka, Askiya Muhammadu na mulki daga Gao. Kanta ya bi shi yaƙin Agadas da mutanensa, aka ci nasara. Da aka zo rabon ganima sai rigima ta tashi, Kanta ya ga an raina masa hankali. Wajen 1516 ya ce shi da Songhai haihata-haihata.

7/
Askiya ya turo runduna a kamo shi, rundunar ta koma hannu rabbana. A shekarun 1530 wani Askiyan ya sake kawo yaƙi, shi ma ya sha kashi. Kuma fa wannan ba kirarin Kabawa ba ne kawai, yana cikin Tarikh al-Sudan, littafin da aka rubuta a Timbuktu, wato a gidan waɗanda aka ci da yaƙin.

8/
Me ya sa babbar daula ta kasa ƙaramar ƙasa? Ku dubi taswira. Ƙasar Kabi fadama ce mai faɗi, ga gulabe ga taɓo. Ƙarfin rundunonin wancan zamani doki ne, doki kuwa in ya shiga laka ya zama kaya. Su Kabawa sun san kowace mashiga, ga kwale-kwale. Ruwan da ke ba su kifi shi ne kuma garkuwarsu. Ku riƙe wannan, za mu sake cin karo da shi.

9/
Kanta ya gina babban birninsa a Surame, da ganuwar dutse da ƙasa. Har yau kufan na nan a cikin jihar Sakkwato, ganuwar na tsaye a wurare da dama, kuka ta fito a tsakiyar inda gidaje suke a da. Gwamnatin tarayya ta sa wurin cikin wuraren tarihi na ƙasa, kuma tun 2007 yana jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO suna jiran tantancewa.

10/
Akwai labarai kan ginin Surame da tsofaffi ke bayarwa. Wai kowace ƙasa da ke ƙarƙashin Kanta an yanka mata nata ɓangaren ganuwa. Wai Nufawa sun makara, sai aka ce su kwaɓa tasu ƙasar da man kaɗanya maimakon ruwa. Wai Azbinawa an sa su ɗauko ruwa daga nesa a kan raƙuma. Labarin baka ne, amma yana nuna yadda ake jin tsoron mutumin.

11/
Borno ma ta gwada. An gwabza har Kanta ya bi rundunar Borno zuwa wajen Nguru, nan bayan Haɗeja, kun ga yaƙin ya iso har ƙofar gidanmu ke nan. A hanyarsa ta komawa aka yi masa kwanton ɓauna a ƙasar Katsina, kibiya ta same shi, ita ce ajalinsa. Tsakiyar ƙarni na 16 ke nan. Aka ɗauki gawarsa zuwa Surame.

12/
Bayansa Kabi ta ɗauki lokaci tana da ƙarfi, sannan ta fara ja da baya. A 1674 Agabba na Agadas ya ƙwace ƙasar Adar daga hannunta. Zamfara da Gobir suka taso suna cin gefenta. Wajen 1700 aka bar Surame, sarauta ta koma Birnin Kebbi. A nan jihadi ya same su.

13/
Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804. Shekara ɗaya bayan nan, 1805, rundunar jama'a ƙarƙashin Malam Abdullahi ƙanen Shehu ta ci Birnin Kebbi. Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita da waɗanda suka bi shi. Gwandu, wadda ta zama hedikwatar yammacin daular, a cikin tsohuwar ƙasar Kabi take.

14/
A ƙarshen wannan shekarar aka yi yaƙin Alwasa, kusa da Argungu. Gobirawa da Azbinawa da Kabawa suka haɗa kai, jama'ar Shehu suka yi asarar mutane masu yawa, aka bi su har Gwandu kafin su iya juya yaƙin. Yana cikin ranaku mafi tsanani a tarihin jihadin. Allah Ya jiƙan magabata.

15/
A nan sai mun yi hattara, don na san masu sharhi. Kabawa ba su kasance baki ɗaya ba. Wasu sun bi Shehu tun farko, wasu sun miƙa wuya daga baya, wasu kuma suka tsaya kan cewa sarautar gidan Kanta ba za ta koma ƙarƙashin kowa ba. Labarin Argungu labarin wannan kaso na ƙarshe ne. Tarihi muke karantawa, ba faɗa muka zo tayarwa ba.

16/
An kashe Hodi a 1826. Ɗan'uwansa Sama'ila, wanda aka fi sani da Karari, ya ɗauki tutar, ya kafa sansaninsa a Argungu. Masu ba da labari na cewa sunan garin daga kiran “a yi gungu” ya samo asali, wato a taru wuri ɗaya. Ko ma dai yaya ne, wuri ne da ruwa da fadama suka kare shi, irin wanda Kabawa suka iya yaƙi a ciki.

17/
A 1831 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da rundunar Gwandu suka kewaye Argungu. Garin ya faɗi, Karari ya tsallaka yamma wajen Zabarma, aka cim masa a can. Kabawa na cewa da ya ga ba mafita sai ya sauka daga doki, ya zauna a kan garkuwarsa ya jira su. Aka kama ɗansa Yakubu Nabame aka tafi da shi Sakkwato.

18/
Nabame ya yi shekaru kusan 18 a hannun Sakkwato. Ba a kurkuku ya yi su ba, a fada ya zauna, har yana fita yaƙi tare da su. Ana cewa a wani yaƙi ya ceci ran ɗan Sarkin Musulmi Aliyu Babba, shi ya sa aka yarda da shi aka bar shi ya koma cikin danginsa.

19/
A 1849 Nabame ya yi tawaye, ya sake tayar da Argungu, aka naɗa shi Sarkin Kabi. Arawa da Dandawa da Zabarmawa suka mara masa baya. Shi kansa bai daɗe ba, an kashe shi a fagen fama a 1854. Amma daga 1849 har zuwan Turawa, Sakkwato da Gwandu ba su sake cin Argungu ba. Shekara hamsin da 'yan kai.

20/
Ku auna abin da kyau. Daula ce da ta kai daga Dori a Burkina Faso ta yau har Adamawa, amma ga gari ɗaya a bayan ɗakinta, tafiyar 'yan kwanaki daga fadar Sarkin Musulmi, ya gagara. Bature matafiyi Heinrich Barth da ya bi ta Gwandu a 1853 ya tarar da hanyoyin yamma cikin rashin tsaro saboda wannan tawayen.

21/
An taɓa yin sulhu. A 1867 Sarkin Kabi Abdullahi Toga da Sarkin Musulmi Ahmadu Rufa'i suka ƙulla abin da ake kira Lafiyar Toga. Aka amince Argungu ta ci gashin kanta, kowa ya riƙe garuruwan da ke hannunsa. Shekara takwas aka samu ana noma ana fatauci, a 1875 abin ya sake ɓaci.

22/
Sai zamanin Sarki Sama'ila, wanda ake kira Sama, 1883 zuwa 1915. Shi ne mayaƙin da Kabawa suka fi yi wa kirari bayan Kanta, har ana cewa garuruwa casa'in ya ci. A farkon shekarun 1890 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya tara runduna ya nufi Argungu da kansa, bai ci garin ba.

23/
Ga ɓangaren da ba a cika son faɗa ba. Da Turawan Ingila suka iso a 1902, Sama bai yaƙe su ba, ya karɓe su, suka ajiye soja a Argungu. Wani ɓangare na rundunar da ta ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903 daga Argungu ya taso. Gabar shekara ɗari ta sa kowa na ganin maƙwabcinsa ya fi baƙo haɗari. Wanda ya ci ribar wannan gabar shi ne Bature.

24/
Kuma Argungu ma ba ta fita lafiya ba. Da Ingila da Faransa suka ja iyaka, ƙawayenta na Zabarma da wani yanki na Arewa da Dandi suka faɗa ɓangaren Faransa, wato Nijar ta yau. Shi ya sa har gobe dangi ɗaya za ka samu rabi a Kamba ko Kangiwa, rabi a Gaya ko Dogon Dutsi.

25/
Yanzu mu zo kan kifi. A 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar zumunci Argungu, zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama. Bayan duk jinin da aka zubar, jikan Shehu ya shigo garin Karari a matsayin baƙo. Kabawa suka ce me za mu nuna masa wanda babu a Sakkwato? Sai aka tara masunta aka yi masa gagarumin su.

26/
Daga nan bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali a yadda muka san shi. Don haka duk lokacin da kuka ga hoton nan na dubban mutane cikin ruwa, ku tuna bikin sulhu ne tsakanin gidaje biyu da suka yi ƙarni guda suna yaƙi. Hausawa suka ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, to ga sarakuna biyu sun gwada a aikace.

27/
Amma su kansa ya girmi 1934 nesa ba kusa ba. Tun da can Kabawa na da al'adun ruwa irin su gyaran ruwa da fashin ruwa, waɗanda ake yi kafin a buɗe kamun kifi na shekara. Akwai Sarkin Ruwa, akwai Homa shugaban masunta. Ba wanda ke shiga wasu gurabe sai sun ba da izini.

28/
Ku ajiye batun tsafe-tsafen da ke cikin al'adar a gefe, malamai sun yi magana a kai kuma da yawa an bari. Ku dubi tsarin kawai: a rufe wani yanki na gulbi wata da watanni, kifi ya yi ƙwai ya girma, sannan a buɗe rana ɗaya kowa ya samu. Abin da masana kiwon kifi ke koyarwa a jami'a yau ke nan, su kuwa sun gaje shi ne.

29/
Wurin da ake gasar shi ne Matan Fada, wani reshe na gulbin a gefen gari. Duk shekara a rufe yake, ba a su a cikinsa. Ranar gasa masunta dubbai za su jeru a bakin ruwa, a harba bindiga, su ruga a guje su faɗa. Cikin kamar awa ɗaya an gama. Wanda ya fito da kifi mafi nauyi shi ne gwani.

30/
Kayan aikin biyu ne: homa, wato ragar hannu mai baki kamar baka, da ƙaton gora. Goran shi ne jirginka, a kansa kake kwanciya kana iyo, shi ne kuma ma'ajiyar kifin da ka kama. Ba injin, ba ƙugiya, ba taru. Makaɗa na cikin kwale-kwale suna zuga maza.

31/
Kifin da ake nema shi ne giwan ruwa. A 2005 wanda ya zo na ɗaya ya kai kilo 75, a 2020 kuwa kilo 78. Buhun siminti kilo 50 ne, to ku ƙara rabin wani a kai, sannan ku tuna abu ne mai rai yana fizge-fizge a cikin ruwa mai laka. Sauran kifayen gulbin akwai tarwaɗa, ƙarfasa, bargi, kurungu da rambosai.

32/
Bikin kwana huɗu ne, yawanci tsakanin Fabrairu da Maris, lokacin da ruwa ya ja. Kafin ranar su akwai kabanci: tseren kwale-kwale, nutso, kamun agwagwa, kamun kifi da hannu. Ga kokawa da dambe da baje kolin amfanin gona. A 1970 Janar Yakubu Gowon da Shugaba Diori Hamani na Nijar sun halarta, daga nan sunansa ya fita duniya. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake kiyayewa.

33/
In Allah Ya kai ku garin, kada ku tsaya a bakin ruwa kawai. Ku shiga Gidan Tarihi na Kanta. Tsohuwar fadar sarakunan Argungu ce, an zauna a ciki har 1942, aka mai da ita gidan tarihi a 1958. Akwai masu da takubba da kwari da baka, tambura, layu, kayan su na da, kuma a nan kaburburan sarakuna suke. Sarki na yanzu, Alhaji Sama'ila Muhammadu Mera, yana kan gadon tun 1996.

34/
To da me garin ke ci sauran kwana 361? Tun asali su da noma da fatauci. Kifi ba ya jiran kasuwa, don haka banda ita ce sana'ar da ta riƙe tattalin: a kama, a ƙyafe, a zuba a kwando ko kwali, ya tafi Sakkwato, ya tafi kudu. Bayan kowane masunci akwai mai banda, mai itace, mai saƙa raga, mai sassaƙa jirgi, dillali da direba.

35/
Kuma masuntan Kabi ba su tsaya gida ba. Sarkawa, waɗanda asalinsu daga nan ne, sun bi ruwa har Yawuri da tafkin Kainji, wasu sun haura Kwara zuwa Nijar da Mali, wasu sun kai tafkin Chadi. In ka je bakin babban ruwa a yankin nan ka ji ana Hausa a cikin jirgi, da wuya ka rasa mai tushe a Kabi.

36/
Sai shinkafa. Fadamar Kabi ta daɗe tana noma irin shinkafar gargajiya ta Afirka, mai jan bawo, wadda ke tsawo tana bin ruwa yayin da ambaliya ke hawa. Manomi na jiran ambaliya, masunci ma ita yake jira, domin a cikin ciyawar fadamar da ruwa ya rufe kifi ke ƙwai. In ruwa ya ja, makiyayi ya shigo da shanu. Fili ɗaya, sana'a uku, kowa da lokacinsa.

37/
Yau shinkafa ta sha gaban kifi. A Nuwamban 2015 a Birnin Kebbi Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Babban Bankin Najeriya. A 2016 aka fito da Lake Rice, haɗin gwiwar Legas da Kebbi. A 2017 aka buɗe katafaren kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu. Noman rani da injin ban ruwa ya cika fadama.

38/
An samu kuɗi, wannan gaskiya ne, samari da yawa sun yi aure sun sayi babur da kuɗin shinkafa. Amma kowane injin da ke zuƙar ruwa da rani daga gulbi ɗaya yake sha da kifi, kuma maganin feshi da taki in an yi ruwa gulbin suke komawa. Ga kuma haɗarin ambaliya: ta 2020 ta shanye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Kebbi.

39/
Babbar matsalar ta fi wannan daɗewa, kuma daga sama ta taho. An kammala dam ɗin Bakolori a kan kogin Sakkwato kusa da Talatar Mafara a 1978. An kammala na Goronyo a kan Rima a 1984. Duka rassan biyu da ke ciyar da Gulbin Kabi ke nan aka sa musu ƙofa.

40/
Dam yana da amfani, yana ba birni ruwan sha, yana ba da noman rani. Sai dai yana rage ambaliyar damina, ita kuwa ita ce ke shimfiɗa ruwa a fadama. In fadama ba ta cika ba, kifi bai samu wurin ƙwai ba. Binciken da aka yi a garuruwan da ke ƙasan Bakolori ya nuna kamun kifi da noman shinkafar fadama duk sun ragu bayan gina shi.

41/
Ku ƙara da yashi da ke cike gurabe masu zurfi, da ragar zamani mai ƙananan ido wadda ba ta barin ko ɗan tsako, har da masu su da gidan sauro, da masu zuba guba a ruwa. Giwan ruwa kafin ya kai kilo 70 sai ya yi shekaru. In ana kwashe shi tun yana kamar tafin hannu, wa zai girma?

42/
Alamun sun fito fili. A 2006 an hana gasar su saboda ƙarancin ruwa. A 2008 aka yi abin kunya, aka gano kifin da ya zo na ɗaya ba a Matan Fada aka kama shi ba, shigo da shi aka yi. Bayan bikin 2009 kuwa aka yi shiru, ba a sake yi ba sai Maris ɗin 2020. Shekara goma cur, saboda rashin tsaro da matsalar ruwa.

43/
Tsaron ma har yanzu da sauran rina a kaba. A Nuwamban 2024 Lakurawa sun kai hari garin Mera a ƙaramar hukumar Augie, cikin masarautar Argungu, aka rasa rayuka. Baƙo ba ya zuwa kallo inda yake tsoron hanya, masunci ma ba ya kwana a bakin ruwa in daji ba lafiya.

44/
Wannan ba a kan Argungu aka fara ba. Grimsby a Ingila, a shekarun 1950, tana cikin manyan tashoshin kamun kifi na duniya. Rikicin ruwa da ƙasar Iceland ya ƙare a 1976, aka rufe musu inda suke su, jiragen suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Yau galibin kifin da ake sarrafawa a garin daga waje ake kawo shi, tarihin su kuma yana gidan tarihi.

45/
A gida ma ga Baga. Tafkin Chadi a shekarun 1960 ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000, zuwa shekarun 1980 ya koma ɗan kaɗan daga wannan. Ruwa ya ja, sannan Boko Haram ta zo ta ƙarasa kasuwar. Garin masunta in ruwansa ya tafi, suna kawai ke saura.

46/
Mu dawo gida Jigawa, don kada mu yi ta kallon na wasu. Dam ɗin Tiga 1974, na Challawa 1992, duka a saman kogin Haɗeja. Ku tambayi masuntan Haɗeja da Guri da Kirikasamma abin da kacalla ta yi wa hanyoyin ruwansu. Ciwon iri ɗaya ne da na Kabi: an canza yadda ruwa ke zuwa, komai na ƙasa ya canza.

47/
Mu nan kudu, rafukanmu na Birnin Kudu da Gwaram wajen Jama'are suke gangarawa, daga can su haɗu da na Haɗeja su zama kogin Yobe. Yashin da ake kwasa a nan, bishiyar bakin rafi da ake sarewa a nan, gubar da wani ke zubawa don ya cika kwano ɗaya, duk mutanen ƙasa ne ke biya. Mu ma wasu na samanmu.

48/
Sannan batun kayan tarihi. Argungu ta ɗauki tsohuwar fada ta mai da ita gidan tarihi tun 1958. Mu muna da zanen shanu a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, da duwatsu masu amo kamar ganga, waɗanda Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu tun shekarun 1950, masana na duniya sun san da su. Tsakani da Allah, mu nawa ne 'yan Unguwar Ya da kewaye muka taɓa zuwa muka gani da idonmu?

49/
Abin da zai riƙe Argungu a bayyane yake. A riƙa sakin ruwan Goronyo da Bakolori bisa tsarin da ya san da masunta da manoman ƙasa, ba sai ana gobe biki ba. A ƙarfafa dokar Sarkin Ruwa ta rufe gurabe, hukuma ta tsaya mata. A hana raga mai ƙananan ido da guba. A yashe guraben da suka cike. Kifin gasa na awa ɗaya daga gulbin shekara yake fitowa.

50/
Askiya bai ci Kabi ba, Borno ba ta ci ta ba, Sakkwato ta yi shekara hamsin tana gwadawa bayan Nabame. A duk waɗannan, gulbi da fadama ne suka tsaya musu. Yanzu gulbin ne ke buƙatar a tsaya masa, kuma wannan aikin na masu rai ne.

51/
Nan zan tsaya. Kabawan da ke nan, ku ƙara mana da abin da kuka ji daga bakin kakanni, musamman kan Surame da Nabame. 'Yan Haɗeja da Gwaram, ku faɗa mana kifin da kuke gani da yara wanda yanzu ya ɓace a kasuwarku. Ku tura wa wasu su ma su karanta. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. 🙏